Yadda Alhaji Na-Ciki Ya Samo Wa Sahadatu Makaranta

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah Ya yi wa Hausawan Doha, bayan lafiya da zaman lafiya sai a ambaci Alhaji Ɗayyabu. Shi kansa ma haka yake jera su, sai dai wani lokacin yakan mayar da lafiya ta uku. Shekara goma sha shida ke nan da ya baro Gumel, kuma tun ranar da ya sauka ƙasar Qatar ta fara ci gaba. Jirgin nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya fara kawo shawararsa ga wani babban mutum a cikin lif. Gasar ƙwallon ƙafa ta duniya kuwa, bai taɓa cewa shi ya kawo ta ba, domin mutum ne mai tawali'u. Cewa kawai yake yi an tuntuɓe shi.

Ba a kiransa Ɗayyabu sai a takarda. Sunan da ya bi shi shi ne Na-Ciki, domin ba ka isa ka ambaci wani ofis a garin nan ba, sai ya kanne ido ɗaya ya ce, "Ina da na ciki." Asibiti yana da na ciki. Filin jirgi yana da na ciki. An ce wata rana ana zancen maƙabarta bakinsa ya riga shi, ya ce can ma yana da su.

Katin da yake raba wa mutane an rubuta masa "Mai Ba da Shawara kan Harkokin Hukuma, West Bay" da ruwan zinare. Kuma ba ƙarya ya yi ba, a West Bay, unguwar manyan ofisoshi, yake aiki, a wani bene mai hawa arba'in. Shi ne a can ƙasa, dab da ƙofa, cikin baƙar kwat da rediyon hannu. Mahassada ne ke ce masa mai gadi. Kwana kuwa a unguwar Old Airport yake yi, a ɗaki ɗaya na wani tsohon gida da aka yanyanka da katako, amma wannan bai shiga katin ba saboda ƙarancin wuri.

Korona ta durƙusar da duniya, ta ɗaga Alhaji. Aka damƙa masa 'yar bindigar nan ta auna zafin jiki, aka ce kada kowa ya wuce sai manhajar korona ta wayarsa ta nuna kore, alamar yana lafiya. Daga ranar manajoji da daraktoci suka riƙa sunkuyo masa da goshi kowace safiya, wanda ya yi gardama ya koma gida. Da aka sassauta doka aka koma zaman shayi bayan sallar Juma'a, sai ya kurɓi karak ɗinsa, shayin nan mai madara, ya dube mu da tausayi ya ce, "Ku a talabijin kuke ganinsu. Ni na san zafin jikinsu."

To, a farkon shekarar da za a yi gasar ne wannan baiwa tasa ta faɗa a kan gidan Nasidi.

Nasidi ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin gwamnati, yana zaune a unguwar Ain Khaled da matarsa Safiyyatu da 'yarsu Sahadatu, mai shekara bakwai. Sahadatu ba ta ji sosai. Tana sa 'yar na'ura a bayan kunne, abin da na'urar ta kasa kamowa kuma sai ta ƙarasa shi da kallon leɓen mai magana. Da haka take tafiya daidai da kowa, har korona ta zo kowa ya rufe baki da takunkumi. Dare ɗaya yarinyar ta wayi gari duniya ta daina yi mata magana. Karatu ta kwamfuta bai yi mata ba. Da aka koma aji, malama tana can gaban allo baki a rufe, ita tana nan tana zana kifi a bayan littafi. Shekara biyu ta tafi a haka, kuma makarantar kuɗin da take zuwa ta faɗa wa iyayen gaskiya cewa ba ta da malamin da zai iya da ita.

Da yake Nasidi gwamnati yake yi wa aiki, 'yarsa na da damar neman gurbi a makarantar gwamnati. Yadda aka bayyana masa, hanyar ba ɓoyayya ba ce. Za ka cike takarda ta waya, ka haɗa da rahoton likita da shaidar inda kake zaune. Sai a ba ka rana a cibiyar tantance yara. A can ƙwararru za su zauna da yaron da iyayensa, su gano abin da yake iyawa da abin da ke ba shi wuya, su rubuta masa tsarin karatu nasa shi kaɗai. Wannan tsarin ne ke zaɓar makaranta, domin ba kowace ce ke da malaman da kayan aikin ba, sai a duba wadda ke da su kusa da gidanku. Guraben ba su da yawa. Ga shi an matso da buɗe makarantu zuwa watan Agusta saboda gasar, wanda bai samu shiga ba sai ya jira baɗi. Sahadatu ba ta da shekara ta uku da za ta zubar.

Hanya ce mai ban haushi ƙwarai, domin tun daga farkonta har ƙarshenta ba a tanadi wurin babban mutum ba.

Amma akwai wata 'yar kafa, kuma ta nan Alhaji ya shigo. Sahadatu 'yar fari ce, iyayenta kuwa mutanen Gumel ne da aka yi wa tarbiyya irin ta da. Nasidi bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, "yarinyar nan" yake cewa yana kallon gefe. Safiyyatu "ke" take ce mata, idan kuma za ta ba da labarinta sai ta ce "wannan". Ba rashin so ba ne. Nasidi yakan zagaye rabin Doha yana neman batirin na'urar, ya dawo ya ajiye a kan tebur kamar tsintarsa ya yi a hanya. Alkunya ce. To yaya mai irin wannan alkunya zai zauna gaban baƙi awa guda yana bayanin 'yarsa ta fari dalla-dalla? Tunanin kawai ya hana Nasidi cin abinci.

Alhaji abokin wan mahaifin Nasidi ne, saboda haka Baba suke ce masa. Ba a neme shi ba. Labari ya kai masa a wurin shayi, washegari ya sauka a Ain Khaled da babbar riga da jakar hannu.

"Ɗana, ka yi kuskure da ba ka zo mini tun farko ba, amma na yafe," in ji shi. "Makarantar gwamnati ba a shigarta da waya. Waya ta 'yan tasi ce. Wannan abin da suke kira tantancewa, jarrabawa ce, kuma jarrabawa cin ta ake yi. Ni na zauna da manya, na san abin da suke son ji. Ina da na ciki a cibiyar nan. Ku dai ku yi shiru ku bar mini magana, khalas, shi ke nan."

Nasidi ya ce, "To, Baba," yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka. Safiyyatu ma ta ce, "To, Baba," amma nata "to" ɗin ya fi gajarta.

Dama akwai ƙauna ta musamman tsakanin Alhaji da Sahadatu. Duk Doha ita kaɗai ce ba ta taɓa katse shi ba. Idan ya zo gidan ya janye takunkumi ya fara jawabi, sai ta ɗan sosa bayan kunnenta, ta gyara zama a kan kafet, ta dube shi tana murmushi har ya gama. Ba ta hamma. Ba ta duba agogo. Manya kan tuna suna da aiki a kicin, ita tana nan. "Wannan yarinyar za ta yi nisa," yakan ce. "Ta san darajar magana."

Ranar ya kafa dokoki uku. Ta farko, a cire rahoton likita daga cikin takardu. "Kun taɓa ganin wanda ya je neman aiki ya fara da lissafa ciwonsa? Mu mutane ne masu rufin asiri." Ta biyu, a sa wa yarinya hijabi mai kauri ya rufe na'urar, kuma duk abin da aka tambaye ta ta gyaɗa kai ta ce "tamam", wato lafiya lau. Ta uku, a goge Ain Khaled a rubuta adireshin benensa na West Bay, domin takarda ma tana da kwarjini.

Safiyyatu ta tambaya cikin ladabi, "Baba, a wane hawa za a ce muna kwana?"

Ya ce wannan ƙaramar magana ce, na ciki zai gyara. Da ya tafi, ta ɗauki wayarta ta cike takardar da adireshin da ke jikin takardar wutar gidansu. Rahoton likita kuwa ta ninke shi ta sa a ƙasan jakarta. Ba ta yi wa kowa gardama ba, ita ma an yi mata tarbiyya.

Ranar tantancewa Alhaji ya ɗauki hutu, abin da ya ce ya girgiza West Bay. Ya sha shadda ruwan madara, ya murza hula, ya riƙo ƙunshin kilishi da kwalbar turare domin na ciki. Suna isa ƙofar cibiyar ya ɗaga hannu ya ce, "Ga shi can." Na cikin wani mutumin Ghana ne mai suna Bawah, ɗan zangon Kumasi, wanda suka taɓa aiki a kamfanin gadi ɗaya. A waje yake tsaye, cikin rana, da bindigar auna zafi.

"Alhaji, sannu. Wayanka," in ji Bawah.

Alhaji ya yi dariya irin ta manya, ya miƙa kilishi. Bawah ya karɓa ya yi godiya, ya sake cewa, "Wayanka. Yalla, yi sauri, akwai mutane a baya." Haka mutumin da daraktoci ke sunkuyawa ya laluba aljihu ya nuna kore, sannan ya tura hula baya ya miƙa goshi. Daga baya ya bayyana mana cewa duba aikin yaron yake yi, kuma ya same shi ba laifi.

Sai Bawah ya ce manya biyu kawai ke shiga da yaro ɗaya. Alhaji bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. Ya dubi uban yarinyar ya ce ya jira a mota. Nasidi ya tafi da sauri har yana tuntuɓe, kunya da godiya sun cika shi.

A ciki suka tarar da wata mace 'yar Sudan, mai gilashi da sanyin murya, kowa na ce mata Ustaza. Ta ba Sahadatu takarda da fensir masu launi, ta buɗe fayil, ta juya ga uwar ta tambaye ta me ke ba yarinyar wuya a aji.

Safiyyatu ta sunkuyar da kai. Alhaji ya gyara hannun riga.

Jawabin ya ɗauki minti ashirin da biyar, cikin Larabcin kasuwa da Turancin bakin ƙofa, inda duka biyun suka ƙare kuma ya cike da Hausa. Ya fara da tarihin Gumel. Ya gangaro kan zumuncin Najeriya da Qatar, wanda ya ce yana da hannu a ciki. Sannan ya iso kan yarinya.

"Wannan yarinyar mafi mushkila, ba ta da wata matsala. Miya bil miya, ɗari bisa ɗari. A zuriyarmu ba mu da nakasa, ba mu taɓa yi ba. Ji kuwa, idan allura ta faɗi a can garin Wakra tana Ain Khaled za ta gaya miki. Ni shaida ne. Ina yi mata magana awa biyu ba ta rasa kalma ɗaya. Ku ba ta makarantar da ta fi kowace, ta 'ya'yan manya, ba ta buƙatar komai. Ko ba haka ba, yarinya?"

Sahadatu ta ga ya juyo, ta gyaɗa kai ta ce, "Tamam."

Ustaza ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta dubi fayil, ta ga babu rahoton likita. Ta ce, a hankali, idan haka ne iyali suka gani, to ba nan ya kamata su zo ba. Nan wurin yaran da ke buƙatar taimako ne, kuma akwai masu jira da yawa. Za ta rufe fayil ɗin, su je su yi rajista irin ta kowa, a sa ta a aji irin na kowa. Ta ɗora hannu a kan murfin.

Alhaji ya juyo ga Safiyyatu, idanunsa na ƙyalli a saman takunkumi. "Kin gani, 'yata? Mun ci. Ko minti talatin ba a yi ba."

Aji irin na kowa. Safiyyatu ta san shi sarai, daga cikinsa suka fito: kujerar baya, malama can nesa, da kifi a bayan littafi. Ta dubi 'yarta, ta ga kifin take zanawa yanzu ma. Tsoro ya kama ta, irin wanda ya fi kunya ƙarfi. Shekara bakwai ba ta furta sunan nan a gaban wani babba ba, ga kuma abokin surukinta zaune a gefe.

"Sahadatu ba ta ji sosai," in ji ta.

Ta zaro rahoton daga ƙasan jaka ta ajiye a kan tebur. Daga nan kuma maganar ta ƙi tsayawa. Ta faɗi yadda Sahadatu ke karanta leɓe, da yadda takunkumi ya raba ta da mutane. Ta faɗi haruffan da ke ɓace mata, da yadda hayaniya ke sa mata ciwon kai, da yadda ta iya lissafi fiye da shekarunta. Sau tara ta kira sunan, kamar mai biyan azumin da ya wuce ta. Alhaji ya yi gyaran murya sau uku, ba wanda ya waiwaye shi.

Ustaza ta janye hannunta daga murfin fayil. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani takunkumi mai gilashin roba a gaba, wanda ake ganin baki ta ciki, ta sa. Ta durƙusa daidai fuskar yarinyar ta ce, "Sannu, Sahadatu." Yarinyar ta ajiye fensir. Ta kai hannu ƙarƙashin hijabi ta taɓa bayan kunnenta, fuskarta ta washe, ta fara ba Ustaza labarin kifin tun daga kakanninsa. Ustaza ta yi wani ɗan rubutu a fayil. Sannan ta roƙi Alhaji da girmamawa ya je ya huta, ya turo uban.

An yi zama biyu bayan wannan, duka ba tare da rakiyar manya ba. Nasidi ya yi magana yana kallon tayil, amma ya yi. Tsarin karatu ya fito, shi kuma ya zaɓo wata makarantar 'yan mata da ba ta da nisa da gidansu. Kujerarta a layin gaba take. Malamarta na maƙala 'yar makirfo a wuyan riga, muryar ta tafi kai tsaye cikin na'urar. Sau biyu a mako wata malamar daban na zama da ita su gyara haruffa. A mako na biyu da buɗe makaranta Sahadatu ta dawo gida da sunayen ƙawaye huɗu da ƙorafi a kan ta biyar. Safiyyatu ta shiga kicin ta yi kukanta na daɗi, ta fito ta ce albasa ce.

Duk wannan, kamar yadda kowa ya sani, aikin Alhaji ne. A wurin shayi ya fayyace mana dabarar. "Da gangan na ce ba ta da komai, don in zaburar da uwar. Wannan ilimin zama da manya ne, ba a koyar da shi a jami'a. Ita kanta Ustazar sai da ta ce in je in huta, ta ga na yi aiki." Ya matsa wa Nasidi a ba shi shaida a rubuce. Safiyyatu, mace mai biyayya, ta zaɓo shafi ɗaya daga cikin rahoton zaman farko ta ba shi hotonsa. Da Larabci aka rubuta. Alhaji ya iya baƙi, fassara ce ba ta samu ba, amma ya gano sunansa a layi na uku, ga hatimi a ƙasa. Ya kai aka manne masa shi da roba. Wata uku yana yawo da shi a aljihun gaba.

Ran Juma'ar da Qatar ta kara da Senegal, Nasidi ya yi 'yar walimar godiya a gidansa, tunda makarantu na hutun gasa. Falo ya cika da la'asar, ga tuwo ga talabijin. Alhaji ya zo da gyalen ƙasashen biyu a wuya, ya ce yana da na ciki a kowane ɓangare. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya sa aka rage murya. Ya zaro takardarsa ya miƙa wa Injiniya Surajo, wanda ya yi karatu a Madina.

"Karanta musu, ka fassara. Kada ka rage komai don kunyata. Sunana a takardar hukuma, mai hatimi."

Surajo ya karanta a zuci tukuna. Ya ce, "Alhaji, ko a bari sai an watse?"

"Ka ga hassada ko? Karanta."

Surajo ya gyara gilashi. "Waɗanda suka halarta: mahaifiya, da Alhaji Ɗayyabu, ɗan uwa." Alhaji ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Abubuwan da yarinya ta ƙware a kai: tana da lura, kuma ta iya sarrafa na'urarta da kanta don kare kunnenta daga hayaniya. An lura ta kashe na'urar lokacin da ɗan uwan ya fara magana, ba ta kunna ba sai da ya gama. Mahaifiya ta tabbatar haka take yi a gida tun shekara biyu. Shawara: a ƙarfafa mata wannan ɗabi'a. Zama na gaba, iyaye kawai."

Wani ya ƙware da zoɓo aka fita da shi. Nasidi ya gano wani abu mai muhimmanci a jikin tayil. Daga kicin aka ji murfin tukunya ya faɗi, da wani sauti da mai shi ta yi ƙoƙarin mayarwa tari.

Alhaji bai girgiza ba, manya ba sa girgiza. Ya ce fassarar 'yan Madina dama sai a hankali. Ya juya ga shaidarsa, wadda ke zaune a kan kafet da fensir ɗinta, ya buɗe hannuwa.

"Sahadatu, jikata, zo ki gaya musu da bakinki. Bari in tuna miki yadda aka yi tun daga farko. A shekarar da na baro Gumel..."

Sahadatu ta ɗago ta yi masa murmushin nan nata mai daɗi. Ta gyara zama. Sannan, a gaban mutum goma sha bakwai, ta kai hannu ta ɗan sosa bayan kunnenta.